Sanyin Gwiwa, Karaya da Cin Tura

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya ku matso, lasifikar nan ita ma muryarta ta fara dusashewa. [dariya] Ga misalinmu na farko ya kawo kansa, don yau maganarmu kan kalmomin da Bahaushe ke faɗa ne idan abu ya fara rauni.

Bahaushe idan zai ce himma ta ragu, gwiwa yake fara dubawa. Mai himma yana da ƙarfin gwiwa, wanda ya fara sarewa kuwa gwiwarsa ta yi sanyi. Manomi ya yi shuka, ruwa ya ɗauke kwana ashirin, ya je gona ya tarar gero ya yi yaushi, ya tsaya riƙe da fartanya bai ko sunkuya ba. Wannan sanyin gwiwa ne, kuma yana da magani. Hadari ya haɗo da daddare, da asuba za ka gan shi a gona. Kusa da sanyin gwiwa akwai "jikinsa ya yi la'asar". Ni duk cikinsu ita ta fi burge ni: rana ba ta faɗi ba, amma zafinta ya tafi.

Karaya ta fi nauyi. Tushenta ɗaya da karya da karye. Ka karya sanda, sanda ta karye, amma zuciya karaya take yi. A tsarin da masanin harshen Hausa Parsons ya fitar a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai, karaya tana gida na uku, na aikatau marasa karɓau, wato waɗanda aikinsu ba ya faɗawa kan wani abu. Ɗan dambe yakan yi laushi a turmi na biyu ya kuma farfaɗo. In ya karaya, ko makaɗi ya fasa kalangu an gama.

To ɗalibai, masu shirin aikin jarida, ga inda nake da ƙorafi. Komai sai ku ce "tafiyar hawainiya". Hawainiya fa tafiya take yi, za ta kai reshen. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta da aka ba da kwangilarsa tun 1979 ba hawainiya ba ne, tura ya ci. Maganar 'yan tasha ce: mota ta ƙi tashi, yaran mota sun tura, direba ya saki kuloci, ta yi tari sau biyu ta mutu.

Tangal-tangal kuma na abin da yake tsaye ne yana neman faɗuwa, kamar gwamnati ko aure. Lafawa ta wuta ce da rikici da zazzaɓi, abin da ake so ya ragu. Kada in ƙara jin wani ya ce karatunsa ya lafa.

Malama, na ga hannunki. Bismillah.