Injinan Iska Suna Korar Hadari?

Hadiza: Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Yau ina tare da Malam Bello da Aminu. Malam, mu shiga kai tsaye. Ana ta cewa manyan injinan nan masu samar da lantarki daga iska suna tarwatsa gajimare, suna hana ruwan sama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Malam Bello: Akwai abin da suke yi wa iska, Hadiza, wannan ba a musunsa. Amma korar hadari wata magana ce daban.

Aminu: Malam, ni fa na ga hoton nan na Denmak. Injina jere a cikin teku, kowanne da dogon farin gajimare a bayansa.

Malam Bello: Tashar Horns Rev ke nan, mai injina 80. An ɗauki hoton a Fabrairun 2008, kuma na gaskiya ne. Ranar nan iskar da ke saman ruwa ta riga ta cika da danshi, saura ƙiris ta zama hazo. Da fuka-fukan suka gauraya ta da wadda ke sama, sai hazon ya fito a bayan kowane inji. Ba kullum ake ganin haka ba, shi ya sa ma hoton ya yi suna.

Hadiza: Ke nan hazo suka tayar, ba kore shi suka yi ba.

Malam Bello: Haka ne. Kuma ku duba tsayi. Manyan injinan yau kan fuka-fukinsu yana kaiwa mita 200 ko fiye. Hadarin da ke zuwa da tsawa kuwa kansa yana wuce kilomita 10 a sama, abin da ke tuƙa shi kuma zafin ƙasa da na teku ne da manyan iskoki masu ratsa ƙasashe.

Aminu: To zafin da ake cewa suna kawowa fa?

Malam Bello: Yauwa, nan ne maganar take da nauyi. A 2012 Liming Zhou da abokan aikinsa na jami'ar Albany a Amurka suka fitar da bincike kan jihar Texas. Sun duba bayanan tauraron ɗan'adam daga 2003 zuwa 2011, suka ga yankin da aka kafa injinan ya fi makwabtansa ɗumi da dare, ƙarin da ya kai digiri 0.72 a lissafin shekara goma.

Hadiza: Me ya sa da dare?

Malam Bello: Idan rana ta faɗi ƙasa tana hucewa da sauri, sai iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi tana bisanta. Fuka-fukan na juyawa sai su sauko da mai ɗumin. Ba su ƙirƙiri zafi ba, wanda yake sama suka saukar. Masu gonakin inabi da lemo a ƙasashen sanyi sun daɗe da sanin wannan, da gangan suke kafa manyan fankoki don kada sanyin asuba ya ƙone musu fure.

Aminu: Amma Malam, abin da ke damuna shi ne yawa. Tasha ɗaya daban, dubbai daban. Dubi abin da Sin ke ginawa a Gansu.

Malam Bello: Damuwarka tana kan hanya, Aminu, kuma masana ba su yi watsi da ita ba. A 2018 Lee Miller da David Keith na Harvard sun lissafa da kwamfuta cewa da Amurka za ta samo dukkan lantarkinta daga iska, ɗumin saman ƙasarta zai ƙaru da digiri 0.24. Sai dai wannan ɗumi yana tsayawa ranar da injinan suka tsaya. Hayaƙin gawayi da fetur kuwa ɗaruruwan shekaru yake yi a sama yana riƙe zafi.

Hadiza: Ruwan sama fa? Shi ne ya fi damun manomi.

Malam Bello: Binciken Robert Vautard na 2014 kan Turai ya nuna canjin bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, a lokacin sanyi, ƙasa da bambancin da ake samu tsakanin wannan shekara da waccan. Wani lissafin da ya fito a mujallar Science a 2018 ma cewa ya yi, da za a shimfiɗe Sahara da injinan iska da farantan sola, ruwan zai ƙaru, musamman a Sahel.

Aminu: Ikon Allah! Akasin abin da ake yaɗawa.

Malam Bello: Lissafi ne dai na tashoshin da girmansu ya fi duk abin da aka taɓa ginawa. Ni abin da nake so a fi kula da shi shi ne rada, wato na'urar da ake hango ruwa da guguwa da ita daga nesa. Juyin fuka-fukan yana fitowa a na'urar masu hasashen yanayi kamar ruwa na zuba alhali babu ko ɗigo, wani lokaci kuma ya rufe guguwar gaske.

Hadiza: Wannan kam yana iya taɓa rayuka, tunda da ita ake gargaɗin mutane.

Malam Bello: Ƙwarai kuwa. Shi ya sa hukumomin yanayi ke neman a tuntuɓe su kafin a kafa tasha kusa da radarsu.