Gidan Yarin Kano: Daga Kurkukun 1903 Zuwa Kurmawa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, iyayena da 'yan'uwana, ina godiya da wannan dama.

Sunan gidan yari ya samo asali ne daga sarautar Yari, wato mai kula da ɗaurarru a ƙarƙashin sarki. A tsarin shari'ar da alƙalai ke bi kafin zuwan Turawa, ɗauri ba shi ne babban hukunci ba, domin akwai haddi da diyya da bulala. Kurkuku wuri ne da ake tsare wanda ake tuhuma, ko wanda ya ƙi biyan bashi, ko wanda sarki ya yi fushi da shi. A Kano akwai Gidan Ma'ajin Watari, inda iyayengiji kan kai bayinsu a hore su, a sa musu mari ko a sa su a turu.

Da sojojin Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu ba ya gari, Lugga, shugaban mulkin Turawan Ingila a Arewa, ya shiga kurkukun birni da kansa, ya kuma rubuta abin da ya gani a rahotonsa. Ya ce ɗakuna biyu ne na ƙasa, kowanne tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, babu taga, babu wata kafar iska sai wata 'yar ƙofa da sai mutum ya rarrafa zai shige ta. A cikin wannan ɗan wuri ake kulle mutum 135 kowane dare, wani lokaci har 200, da rana a fito da su su dafa abinci a wani ɗan fili, da safe kuwa a janyo gawar wanda cunkoso ya kashe. Ku auna da ɗakin da kuke kwana, ku gani ko tsayuwa ma za ta yiwu. Na san cewa Lugga yana da bukatar nuna munin mulkin da ya rushe domin ya halatta nasa, kuma ya kamata mu karanta shi da wannan a zuciya, amma hakan ba zai sa mu ce mutanen nan ba su sha azaba ba.

A 1910 aka gina gidan yarin Kurmawa kusa da fadar sarki, ya kuma kasance a hannun En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. A shekarun 1950 gidajen yarin En'e sun cika da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, har Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai a 1968 gwamnatin tarayya ta karɓi waɗannan gidaje, sannan dokar 2019 ta sauya musu suna zuwa gidajen gyaran hali.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ainihin ciwon da aka tarar a 1903, wato cusa mutane fiye da yadda ɗaki zai ɗauka, bai warke ba. A Najeriya a yau kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba tukuna, kuma a cikinsu akwai wanda ya shafe shekarun da suka wuce hukuncin laifin da ake zarginsa da shi, don kawai ba shi da lauya ko mai tsaya masa beli, ko kuwa an rasa motar da za ta kai shi gaban alƙali ranar zama.