Kada Ajin Rubutun Yaranmu Ya Rufe

Shugaba, na san minti goma aka ba ni, kuma rahoton kwamitin ilimi aka ce in karanta. Zan karanta, amma a bar ni in fara da abin da ya hana ni barci tun ranar Talata. Masu ɗakin da yaranmu suke ajin rubutu duk Asabar sun aiko da takarda, sun canza doka. A da wata-wata muke biya, in mun makara su ɗaga mana ƙafa. Yanzu sun ce sai kuɗin wata uku a dunƙule kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba su miƙa wa wasu makulli, kuma akwai masu jira. Na je wurin Ma'aji, ya buɗe mini littafi, jikina ya yi sanyi. Da yawanmu rabonmu da biyan kuɗin ƙungiya tun kafin sanyi ya shigo. Ba zan kira suna ba, kowa ya san kansa.

Wani daga cikin iyayenmu maza ya kira ni a waya, ya ce, "Hajiya, wai ajin nan me ake tsinanawa a ciki? Ni dai yaro na gani ya dawo da askirim a gaban riga." Alhaji, ga ka nan zaune, kuma tambayarka tana kan hanya, don haka zan ba ka amsa a gaban kowa. Ina wurin ranar, da idona na gani.

Malama ta shigo da kula ɗauke da askirim kala huɗu, banila, cakulan, sitiroberi da fistashiyo, wato wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, kuma daga aljihunta ta saya, a lura da wannan. Ta ce kowane yaro ya zaɓi wanda ya fi so. Da suka zaɓa, sai ta ce to, ba labarin kanka za ka ba ni ba, ƙago mini wani mutum mai son wannan ɗanɗanon, ka nuna mini shi. Ta kafa sharaɗi guda: ba a yarda kowa ya rubuta "mai daɗi" ba. Yara suka yi ta ƙorafi. Ta ce ai kowa ya san askirim da daɗi, wanda ya rubuta haka bai gaya wa mai karatu komai ba. Gaya mini yadda ya tsirga maka a haƙori, yadda ya gangaro ta gefen hannu ya shiga hannun riga, yadda cokalin ya lanƙwashe don ya daskare da yawa.

Wata yarinya, shekarunta ba su wuce 11 ba, ta rubuta layi uku kacal. Wani tsoho ne, kullum da yamma sai ya sayi fistashiyo kofi biyu, ya zauna a benci, ya sha ɗaya, ɗayan ya ajiye kusa da shi har ya narke. Shi ke nan. Ɗakin ya yi tsit, can sai yara suka ɗauka gaba ɗaya: na wane ne ɗayan? Malama ta ce kun ji ko? Ba ta ce matarsa ta rasu ba, ba ta ce yana cikin kaɗaici ba, amma duk kun matsu ku sani. Ni kaina, 'yan uwa, sai da na juya na goge ido, don kowannenmu a ƙasar nan yana da wanda yake ajiye wa kofi na biyu.

Wannan ajin ne za a rufe saboda kuɗin wata uku.

Akwai wani yaro kuma da ya cika shafi biyu da wani jarumi: ya so askirim, ya je, ya saya, ya sha, ya koma gida. Malama ta tambaye shi, me ya hana shi samu? Ya ce babu. Ta ce to ai babu labari ke nan. Tauraron labari sai yana son wani abu, sai kuma an sami abin da ya tare masa hanya, a tsakanin son nan da cikas ɗin nan labari yake zaune. Yaron ya murtuke, ya koma kujera. Mako na gaba ya dawo da sabo: ƙanwar jarumin tana kwance a asibiti a hawa na bakwai, ta ce sitiroberi take so, lif ya lalace, rana ta take, abu yana narkewa a hannunsa yana hawa bene. Ba mugu a labarin, ba bindiga, lokaci kawai ne abokin gaba, amma ba wanda ya motsa sai da ya kai ƙarshe.

Haka take bi da su, abu ɗaya duk mako. Ranar da suka yi darasin bakin mai ba da labari, ta sa sun rubuta abu guda sau biyu, sau ɗaya daga bakin yaron da askirim ɗinsa ya faɗi ƙasa, sau ɗaya daga bakin mai shagon da ya gani. Suka ga yadda labari yake sauya kama in ka sauya mai kallo. Hirar taurarin labari kuwa, dole kowa ya miƙe ya karanta nasa da ƙarfi, in harshe ya harɗe to ba haka mutane suke magana ba, a gyara. Ta gaya musu shawarar da ake dangantawa da marubucin nan na Rasha, Anton Chekhov, cewa in ka rataye bindiga a bango a farkon labari, to lallai a harba ta kafin a gama. Wanda ba zai yi aiki ba a cire shi. Abin da suka fi tsana ke nan, yanka abin da suka sha wuya suka rubuta, amma suna yi.

Na banila ne ya fi tsaya mini. Yaro ɗaya ne ya zaɓe shi, sauran suka yi masa dariya, wai ɗanɗanon da ba shi da labari. Malama ta ajiye alli. Ta ce banila 'ya'yan wata fure ce mai asali daga Meziko, furen kwana ɗaya tak yake buɗewa, kuma da Turawa suka kai shukar wasu ƙasashe sai ta yi ta fure ba 'ya'ya. Shekara da shekaru masana sun rasa hanya mai sauƙi. A 1841, a tsibirin Reunion da ke tekun Indiya, wani yaro bawa mai shekara 12, Edmond Albius, ya gano yadda ake barbarar furen da hannu, da ɗan tsinke da babban yatsa. Har yau da dabararsa ake aiki, har a Madagaska wadda ta fi kowace ƙasa noman banila. Shi kuwa ya rasu a 1880 cikin talauci. Ta dubi yaran ta ce, ga tauraro, ga cikas, ga ƙarshen da ba ku zata ba, wa ya ce banila ba labari? Yaron nan da aka yi wa dariya ya zauna yana ta hura hanci.

Ni cakulan nake so, in wani yana tambaya. Shugaba an ce na kwakwa ne, ko da yake likita ya hana shi, mun dai gan shi a walimar bara.

Ku yi dariya, amma ku ji wannan. Da Hausa ake rubutun nan. Yaran da in ka yi musu magana da Hausa suke mayar maka da wani harshe, yau su ne suke gardama a kan inda ake sa ƙ da inda ake sa k. Jikata ta karanta wa mahaifiyata labarinta a waya, tsohuwa tana gyara mata lafazi tana dariya, daga baya na ji muryarta ta canza. Rabona da in ji gida ya matso kusa haka, na manta. Mun baro ƙasa, mun baro dangi, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe mu, muna ta aiki dare da rana wai don yaran nan. To ga abu ɗaya da yake riƙe musu harshen iyayensu, shi ne za mu bari ya kuɓuce? Haba jama'a! Malama ko kwabo ba ta karɓa. Ɗakin kawai za mu biya.

Rahoton, a gurguje. Littattafan da aka yi alkawari sun iso, suna gidan Sakatare. Kujeru biyu sun karye, an gyara ɗaya. Masu son ajin manya su rubuta suna, ba mu kai adadi ba tukuna. Zauren WhatsApp na kwamiti don sanarwa ne, don Allah a rage tura bidiyo. Sauran yana cikin takardar da aka raba.

In koma kan maganata. Wanda yake cikin matsi, mun sani, rayuwa a nan ba wasa ba ce, ya same ni a gefe, ba mai ji. Wanda kuma mantuwa ce, to ga tuni. Iyayenmu mata, ku da kuka fi kowa sanin abin da yaran nan suke dawowa da shi gida, ku taya ni magana da masu gidan. Yarinyar nan ta yi alkawarin ranar Asabar za ta faɗa wa 'yan ajin ko na wane ne kofi na biyu, kuma ni ma ina so in ji. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi da biro, yana karɓa a hannu, yana karɓa ta waya. Shugaba, na ci minti biyar a kan nawa, a yi mini afuwa.