Ɗan Sanda A Gaban Allo: Wa Zai Biya Kuɗin Darasin?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar wata kwaleji a nan Maradi lokacin da aka tashi yara da rana, ya san hoton da zan zana. Ƙura ta tashi, 'yan kabu-kabu na kiran fasinja, mai awara da mai ƙanƙara suna ta ciniki. Can gefe, ƙarƙashin dogon yaro, samari uku ko huɗu na zaune a kan babura. Ba ɗalibai ba ne, ba kuma iyaye ba ne da suka zo ɗaukar 'ya'yansu. Sai ka ga ɗan siziyam, wato ajin farko na kwaleji, yaron da bai wuce shekara 12 ko 13 ba, ya rataya jaka ya nufe su. Su aike shi sayen sigari, ya dawo, su ce ya riƙe canjin. Gobe ma haka. Jibi wani ya mare shi a filin ƙwallo, su tashi su rama masa. Daga ranar yaron ya samu manya, kuma ya ci bashin da ba da kuɗi ake biyansa ba.

A kan wannan yaro sharhinmu na yau zai tsaya. Kiran da nake yi shi ne gwamnati ta ware kuɗi a kasafinta, da suna da adadi, domin 'yan sanda da aka horar su riƙa shiga azuzuwan kwalejojinmu suna koyar da yara yadda za su kauce wa gungun 'yan ta'adi, tun kafin ranar da za a haɗu da su a komisariya, wato ofishin 'yan sanda.

Kada wani ya ce ina zagin fada, wato majalisar hira ta samarin unguwa. Yawancinmu a fada muka girma, gefen butar shayi da gawayi. 'Yan fada ne ke yashe magudanar ruwa kafin damina, su ne ke jera kujeru ranar biki, su ne ke haƙa kabari ranar rasuwa. Amma mun kuma san yadda wata fadar ke rikiɗa. Shayi ya koma tiramol, hira ta koma ramuwar gayya tsakanin unguwa da unguwa, aljihu ya koma ma'ajiyar reza da wuƙa. Maƙwabtanmu na Damagaram sun ɗanɗana wannan da gungun samarin da ake kira 'yan pale, har 'yar garin, Aisha Macky, ta yi fim a 2021 a kan rayuwar samarin unguwar Kara-Kara. Idan ka bi ta Ɗan Isa ka tsallaka Jibiya, sunan ne kawai ke canzawa: ƙauraye a Katsina, 'yan daba a Kano, sara-suka a Bauci, kalare a Gwambe. Ko'ina ka je, da ƙananan yara ake cika sahu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuwa yara ne arzikinmu mafi yawa. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maradi na da mutum fiye da miliyan 3. Aji guda a kwalejin gwamnati sai ka tarar ya cika maƙil, mushe ɗaya, wato malamin aji, na fama da alli da maƙogwaro. Ina zai samu sukunin lura da cewa yaron da ke bencin baya ya fara zuwa da jajayen idanu?

Na taɓa zuwa wani ofishin 'yan sanda belin ɗan maƙwabcina da aka tsare kan takardun babur. A kan benci na tarar da wata dattijuwa riƙe da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali. Ɗanta, ɗan shekara 15, ya yanki wani yaro a hannu a faɗan unguwa. Ta dubi jami'in da ke rubutu ta ce, "Ranka ya daɗe, wallahi kullum da safe ni ke ba shi kuɗin kalaci ya tafi lakwal. Ban san yana da wuƙa ba." Jami'in ya ajiye biro ya ce, "Inna, mu mun san fadar da yake zama tun bara." Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Sun sani tun bara. Uwa ba ta sani ba, mushe bai sani ba, wanda ya sani kuwa aikinsa bai fara ba sai da jini ya zuba. Ilimin da ke kan ɗan sandan nan, na yadda ake jan yaro, da irin kalaman da ake yaudararsa da su, da inda hanyar ke ƙarewa, shi nake so a kai cikin aji.

Ba mu ne za mu fara ba, kuma yana da kyau mu ji yadda ta kaya wa waɗanda suka riga mu. A 1983 'yan sandan birnin Los Anjeles a Amurka suka fito da wani shiri mai suna DARE, inda jami'i ke shiga aji yana gargaɗin yara kan miyagun ƙwayoyi. Shirin ya bazu a faɗin ƙasar, ya ci kuɗi masu yawa, iyaye suka so shi. Da masu bincike suka bi sawun yaran shekaru bayan haka, sai suka tarar kusan babu bambanci tsakanin wanda ya zauna darasin da wanda bai zauna ba. Wa'azi da tsoratarwa ba su hana komai ba. A 1991 kuma 'yan sandan birnin Finiks a jihar Arizona suka fara wani shirin, GREAT, wanda ya shafi gungun 'yan ta'adi kai tsaye. Shi ma binciken farko bai nuna ya rage shiga gungu ba. Sai dai ba su yi girman kai ba. Suka koma suka sake rubuta darussan, suka mai da su 13, suka rage lacca, suka ƙara gwaji: yaro ya tashi a gaban aji ya gwada yadda zai ce a'a ga babban da ya fi ƙarfinsa, yadda zai haɗiye fushi, yadda zai raba faɗa ba tare da ya zubar da girmansa a idon abokai ba. Aka sake aunawa a makarantu 31 cikin birane 7. Shekara guda bayan darussan, yiwuwar shiga gungu ta ragu da kashi 39 cikin 100 ga yaran da suka yi su, bayan shekara 4 kuma ragin ya tsaya a kashi 24. Yaran sun kuma fi kallon ɗan sanda da idon mutunci. Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: binciken bai nuna cewa aikata laifi gaba ɗaya ya ragu ba. Maganin bai warkar da kowace cuta ba, amma ya rage masu shiga, mu kuwa wannan ƙofar muke son tsarewa.

Abin da na ɗauka daga labarin nan shi ne, kakin ɗan sanda shi kaɗai ba ya koyar da komai. Idan komisar ya turo jami'i ranar Laraba ya yi wa yara ihu na rabin awa, ya nuna musu ankwa ya tafi, an ɓata man babur ne kawai. Abin da ke aiki shi ne jami'in da aka zaɓa don haƙurinsa, aka horar da shi koyarwa, ya riƙa dawowa aji ɗaya mako bayan mako har ya san sunayen yaran, mushe na zaune a gefe. Wannan kuwa kuɗi yake ci. Horo kuɗi ne. Buga littattafai da Hausa da Faransanci kuɗi ne, kuma dole Hausar ta zo gaba, don yaron da ke fama da dikte ba zai buɗe cikinsa da Faransanci ba. Man zirga-zirga kuɗi ne. Jami'in da aka ɗauke daga sintiri kuma sai an samu mai riƙe gurbinsa.

Me ya sa na nace sai aljihun gwamnati? Don mun ga ƙarshen aikin furoje, wato aikin tallafin masu ba da agaji daga waje. A zo da motoci farare, a kafa allo a bakin hanya, a yi shekara 2 ko 3, kuɗi ya ƙare, allon ya yi tsatsa. Tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel ta fara horar da jami'an tsaronmu a 2012, a watan Disamban 2023 kuma hukumomin ƙasa suka kawo ƙarshen yarjejeniyar. Tunda mun zaɓi tsayawa da ƙafafunmu, to tarbiyyar ɗan siziyam na cikin kayan da za mu ɗauka da kanmu. Ma'aikatar cikin gida ke da 'yan sanda, ma'aikatar ilimi ke da azuzuwa da jadawali. Su zauna su rattaba hannu a takarda ɗaya, kowa ya san abin da zai zuba. Ma'aikatar magajin gari, wadda wakilin da gwamnati ta naɗa ke riƙe da ita tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, tana karɓar harajin kasuwa da na tasha, ita ma ta sa hannu. Akwai kuma asusun haɗin kai don ceton ƙasa da aka kafa a 2023, wanda talaka ke zubawa a ciki duk lokacin da ya sayi kuɗin waya. Hana yaro ɗaukar wuƙa yana cikin tsaron ƙasa, musamman a jihar da ƙauyukanta na Madarunfa da Gidan Runji suka san zafin 'yan bindiga da satar mutane.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce yaranmu na karatu a rumfunan zana, kai kana maganar littafin ɗan sanda. Babu ɗan Maradin da ya manta Nuwamban 2021, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a garin nan ta ci rayukan yara fiye da 20. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Idan aka ce in zaɓa tsakanin ginin aji da wannan shiri, ginin aji zan zaɓa ba tare da na yi dogon tunani ba. Amma ba a kai ga wannan zaɓin ba. Gwaji a kwalejoji kaɗan, da jami'ai kaɗan, na shekarar karatu guda, ba zai hana a aza bulo ko ɗaya ba.

Akwai wata damuwar da ta fi wannan nauyi a wurina. Tsakanin ɗalibi da ɗan sanda a ƙasar nan akwai tsohon tabo. Kowace ranar 9 ga Fabrairu ƙungiyar ɗalibai ta USN na tunawa da 'yan'uwansu 3 da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990. Ɗalibai da yawa ba su taɓa ganin ɗan sanda kusa ba sai ranar zanga-zanga, ta cikin hayaƙin barkonon tsohuwa. Saboda haka jami'in da zai shiga aji ya bar bindiga da kulki a ofis. Kuma a rubuta a takarda, kowa ya gani, cewa aji ba wurin tattara bayanan sirri ba ne. Ranar da yaro ya faɗi wata magana a darasi, dare ya yi aka kama yayansa, to shirin ya mutu a unguwar baki ɗaya, kuma an jefa yaron cikin haɗari. Rundunar 'yan sanda na da sashen kare yara da mata, daga nan ya kamata a fara zaɓen masu koyarwa, a sa mata a cikinsu, domin 'yan mata ma ana jan su, ta hanyar samari da kyautar waya. A kira shugabannin ɗalibai tun ranar farko a ji ta bakinsu.

Yaran da ba su cikin lakwal fa, almajirai, da yaran gareji, da masu dako a tasha? Su ma suna buƙata, wataƙila fiye da kowa. Idan darasin ya zauna da gindinsa a kwaleji, malaman allo da shugabannin masu sana'a za su iya buɗe ƙofa, musamman in fadar Sarkin Katsinan Maradi da masu unguwanni suka sa baki.

A cikin kuɗin kuma a ware kason aunawa. Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a garin nan. A ba malamanta da ɗalibanta aikin bin sawun yaran da suka yi darasin da waɗanda ba su yi ba, su faɗi gaskiyar abin da suka gani, ko da ba ta yi daɗi ba. In bai yi aiki ba a gyara, in an gyara bai yi ba a tsayar.

Gwamnati ba ta ware kuɗi don an yi sharhi a rediyo. Takarda take gani. Kowace makaranta na da kwamitin gudanarwa, da ƙungiyar iyayen yara, da ta iyaye mata. Su zauna da darakta su rubuta buƙata a shafi ɗaya ko biyu: ga azuzuwan da muke so a fara da su, ga awa guda a mako da muka ware, ga abin da muka gani a bakin ƙofar makarantarmu. A kai kofi ɗaya ofishin daraktan ilimi na jiha, ɗaya wurin daraktan 'yan sanda na jiha, ɗaya ofishin gwamna, ɗaya ma'aikatar magajin gari, a karɓi shaidar an ajiye. Shekarar kasafi a watan Janairu take farawa, ana kuwa tsara shi watanni kafin nan, don haka takardar ta riga isa kafin a rufe lissafi. Alhazan garin nan da suka gina masallatai da azuzuwa da kuɗinsu, su ma a kai musu kofi, su raka iyayen yara ofishin gwamna ranar da za a miƙa ta.