Daga Gaban Allo Zuwa Rakiyar Iyayen Yara Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum. Iyayena mata, iyayena maza, malamai 'yan'uwana, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa in Allah ya yarda: dalilin da ya sa na ajiye alli, abin da doka ta ba 'ya'yanku, da yadda ake shiga ofishin hedimasta.

Na farko. Ni malamar firamare ce, aji uku na fi daɗewa ina riƙewa. Kun san ajinmu, wasu a benci wasu a ƙasa, malami ɗaya. Kuma kowane aji akwai yaron da aka riga aka laƙaba wa daƙiƙi. Akwai wani a ajina, ba zan faɗi sunansa ba. In ina fuskantar aji yana biye da ni tsaf. Da na juya ina rubutu a allo ina magana, shi ke nan, an bar shi a baya. Ashe bakina yake kallo. Rannan na tsaya a bayansa na kira sunansa, ko gezau. Na zagayo gabansa na motsa leɓe kawai, ban fitar da murya ba, sai ya ce, "Na'am, Malama."

Na je gidansu. Mahaifiyarsa ta ce tun da ya tashi daga sanƙarau ya zama mai taurin kai, a aike shi ya yi banza da mutum, har babansa ya gaji da duka. Jama'a, yaron nan ba ya ji ne. Ba ya ji! Sanƙarau na kashe kunne. Ƙyanda na kashe kunne. Ciwon kunnen nan mai fitar da mugunya, da muke ɗiga wa mai mu toshe da auduga, shi ma in ya daɗe yana rage ji. Manyan cikinmu sun tuna annobar sanƙarau ta 1996 a nan Arewa. Da yawa daga waɗanda suka rayu da kurumta suka tashi. Don haka kafin ka ce ɗanka daƙiƙi ne, ka kai shi a auna kunnensa, a auna idonsa. Manyan asibitoci suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a Kaduna ma akwai cibiya ta ƙasa da aikinta kula da kunne ne. Ku gwada a gida tukuna: ki tsaya a bayansa ki kira shi a hankali. Amma kar ki yi gwajin da kiran cin abinci, don ƙanshin miya zai kawo shi ko bai ji ba. (Dariya.)

Zan maimaita, don wannan shi ne ya fi damuna. A auna kunne. Wani yaron ba abin da yake nema sai a dawo da shi layin gaba, malami ya daina magana yana ba aji baya. Wani na'urar ƙara ji yake buƙata. Wani kuma maganar hannu ce za ta buɗe masa karatu, irin yadda ake koyarwa a makarantar Tudun Maliki a Kano. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma ina roƙon iyaye su koya, kar yaro ya dawo hutu ya rasa abokin hira a gidan ubansa.

Abin da ya fitar da ni daga aji kuwa, ranar da na raka matar nan makaranta ne. Ta cire takalmi tun daga baranda, ta durƙusa, ba abin da ta iya cewa sai "a taimaka mana". Na ga iyaye na buƙatar wanda ya san cikin makaranta ya tsaya kusa da su. Aikina ke nan yanzu.

Na biyu, ko na uku ne? To, doka dai. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, makarantun gwamnati su karɓe su, su tanadi ma'aikacin da aka horar da kayan aiki. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. In za ki je ofishin hedimasta, ki je da takardar buƙatarki a rubuce, kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya ki dawo da ita gida. In an yi shiru, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ko a Amurka, dokarsu ta 1975 ta karatun yara masu naƙasa sai da iyaye suka je kotu kafin...

Na'am, Hajiya? A miƙa mata lasifika.

(Wata uwa ta ce 'yarta na da farfaɗiya, an ce ta zauna a gida kar ta shafa wa sauran yara.)

Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta taɓawa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Malamai, in ta faɗi a aji, a janye benci, a sa mata abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da ita ta gefe. Kar a cusa mata cokali a baki, kar a danne ta, kar a ɗura mata ruwa. In jijjigar ta wuce minti biyar, a nufi asibiti. Ke kuma Hajiya, ki karɓo takardar likita da ta faɗi ciwon da maganin da take sha. Ki jira ni in an tashi mu rubuta wasiƙar tare, ranar Litinin in sha Allahu ni zan raka ki.