Sharhi: Chelsea Ta Sake Cika Gida Da 'Yan Wasa, Amma Guraben Da Ke Ciwo Suna Nan Yadda Suke

Jama'a masu sauraro barkanmu da wannan lokaci. An rufe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa ta Ingila ranar 1 ga Satumban 2025, kuma abin da ya faru a Chelsea cikin kwana ukun ƙarshe na kasuwar nan shi ya sa na kasa yin shiru yau.

Ga yadda aka yi. Ranar Asabar 30 ga Agusta ɗan wasan gaban Chelsea Nicolas Jackson ya riga ya sauka a Munich, za shi Bayern aro, an gama magana saura gwajin lafiya da sa hannu. A ranar kuma Chelsea na wasa da Fulham, ba a yi nisa ba ɗan wasan gabansu Liam Delap ya dafe bayan cinya ya fita. Nan take hankalin shugabanni ya tashi, aka bugo waya Jamus wai Jackson ya tattaro kayansa ya dawo, cinikin ya rushe. Yaro ya ce ba inda za shi. Aka yi ta ja har ranar ƙarshe sannan aka bar shi ya sa hannu, sai kuma aka juya Sunderland aka ce su dawo da Marc Guiu, yaron da aka ba su aro ko wata guda bai cika ba. To don Allah ku duba min, kulob ɗin da ya kashe sama da fam biliyan ɗaya wajen sayen 'yan wasa tun da Todd Boehly da kamfanin Clearlake suka saye shi a 2022, mutum ɗaya tak ya ji ciwo a gaba, shi ke nan an rasa wanda za a sa, ana ta guje-guje da waya. Ina taron ya tafi? Ina mutanen da aka ce an tara don a yi takara?

Abin da ke ba ni haushi ke nan, wannan kalma ta takara da magoya baya suke ta maimaitawa a gidajen kallo. Da ka ce 'yan wasa sun yi yawa sai a ce maka ai gogayya ce, kowa zai dage ya ƙwaci gurbinsa. Ba gogayya ba ce wallahi. Gogayya ita ce mutum biyu a kan riga ɗaya, su fito atisaye tare, su buga wasannin share fage tare, koci ya zuba ido ya ga wanda ya fi sannan ya ba shi. Abin da ake yi a Chelsea kasuwanci ne, tun kafin a fito fili an riga an gama yanke hukunci a ofis, an san wanda za a sayar da wanda za a tura aro da wanda za a jefar gefe, kuma ba ƙafar ɗan wasa ake dubawa ba, littafin lissafi ake dubawa.

In kuna ganin sharri nake musu ku tuna mai tsaron baya Trevoh Chalobah. Yaron gida ne, tun yana ƙarami yake makarantar horon kulob ɗin. A bazarar 2024 aka tafi wasannin share fage Amurka aka bar shi a gida, aka raba shi da manyan 'yan wasa wajen atisaye, lambar rigarsa 14 aka cire aka ba Joao Felix, daga ƙarshe aka tura shi Crystal Palace aro. Wa ya kayar da shi a fili? Ba kowa. Ba a ma bar shi ya shiga takarar ba. Laifinsa ɗaya, ba a saye shi da ko sisi ba, saboda haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa a takarda. Da watan Janairun 2025 ya zo, masu tsaron baya suka yi ta jin ciwo, wa aka kira? Shi ɗin dai. Ya dawo ya karɓi gurbi, ya buga wa Ingila wasansa na farko a watan Yuni, kuma da shi aka fara wasan ƙarshe na kofin duniya na kulob-kulob. Shi kuwa Felix da aka ba rigar, wata shida bai yi ba aka tura shi AC Milan aro, a Yulin 2025 kuma ya koma Al Nassr a Saudiyya. Wannan ita ce takarar da ake mana wa'azi a kanta.

Haka aka yi wa Conor Gallagher, mutumin da ya ɗaura kambun kyaftin a yawancin wasannin kakar koci Pochettino, yana gudu kamar ba ya gajiya, aka tura shi Atletico Madrid a 2024. Mason Mount ya riga shi fita a 2023 zuwa Manchester United. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ka sayi ɗan wasa fam miliyan 100 ka ba shi kwantiragin shekara takwas, a littafi ana raba kuɗin ne shekara-shekara, sai ya zama kamar ba ka kashe komai ba, shi ya sa aka ga Mudryk da Enzo Fernandez da dogayen kwantiragi irin waɗanda ba a saba gani ba, har sai da hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai UEFA ta taka burki a 2023 ta ce ba a raba kuɗin fiye da shekara biyar. In kuma ka sayar da yaron gida, kuɗin gaba ɗaya ke shiga lokaci guda a matsayin riba. To ka ga wanda ke riƙe da alƙalami ya fi koci sanin wanda zai tafi. Duk da wannan dabara ma UEFA ta ci su tarar Yuro miliyan 31 a watan Yulin 2025 saboda karya ƙa'idar kashe kuɗi.

Shi kansa Enzo Maresca, kocin Chelsea na lokacin, bai ɓoye ba. A Agustan 2024 da aka dame shi da tambayar yadda zai yi da mutum sama da 40, ya fito ya ce shi da kusan 21 kawai yake aiki, sauran suna atisayensu daban. Kun ji fa. Rabin gidan ba sa cikin lissafin koci ma, amma ana biyansu albashi duk mako. Doka ta ce mutum 25 za ka yi wa rajista a Firimiya ban da yara 'yan ƙasa da 21, ranar wasa 20 ne ke cikin takarda, 11 a fili 9 a benci. Sauran fa? Ga Raheem Sterling, mutumin da ya ci Firimiya sau huɗu da Manchester City, shi ne babban sayen farko na zamanin Boehly, an karɓe lamba 7 an ba Pedro Neto, ya je Arsenal aro abin bai yi ba, ya dawo, kasuwa ta rufe a kansa, a Satumban 2025 shi da Axel Disasi suna atisaye su kaɗai ba sa haɗuwa da sauran, ga albashin da rahotanni ke cewa ya haura fam dubu 300 a mako yana tafiya. Tun 2023 Thiago Silva ya faɗa cewa sai da aka faɗaɗa ɗakin sauya kaya saboda bai ɗaukar mutanen. Taron tsintsiya ba shara.

Na san abin da za ku ce, tun ɗazu saƙonni ke shigowa. Ai sun ci kofi biyu. Gaskiya ne sun ci, sun doke Real Betis 4 da 1 a wasan ƙarshe na Conference League, sun lallasa PSG 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin duniya na kulob-kulob a Amurka ranar 13 ga Yulin 2025, sun ƙare na huɗu a Firimiya sun koma gasar zakarun Turai, ba wanda zai ƙwace musu wannan. Amma ku lissafa min waɗanda suka ci musu. Palmer, Caicedo, Enzo Fernandez, Cucurella, Colwill, Reece James, Neto, wato mutanen da aka bari suka zauna wuri ɗaya suka san juna. Kofin ya zo ne daga 'yan tsirarun da aka daina jujjuyawa, ba daga taron da ke atisaye a bayan gida ba. Ku bar kawo min wannan hujjar, ni take taimaka wa.

Mu koma kan guraben da suke ciwo da gaske, don nan ne abin ya fi ban takaici.

Gola. Shekara nawa ana wannan magana? Robert Sanchez wani lokaci ya yi maka abin da za ka miƙe tsaye kana tafi, a kofin duniyar nan ma shi aka ba kyautar gwarzon mai tsaron raga kuma ya cancanta, amma duk mai kallon Chelsea ya san yadda gabansa ke faɗuwa in aka mayar wa Sanchez ƙwallo baya ana matsa shi. An sayo Filip Jorgensen daga Villarreal a 2024, a watan Fabrairun 2025 aka ajiye Sanchez aka sa shi, bai gamsar ba aka sake dawo da Sanchez. Djordje Petrovic ya je Strasbourg aro ya yi kaka mai kyau, kowa na cewa to ga takara ta gaskiya ta zo, a bar su su gwada a share fage mu gani. Ina! Sai aka sayar da shi Bournemouth saboda tayin ya yi kyau. Kepa, golan da ya fi kowane gola tsada a tarihi lokacin da aka saye shi a 2018, an sallama shi Arsenal a fam miliyan 5. An nemi Mike Maignan na AC Milan a watan Yunin 2025, aka tsaya ja-in-ja kan farashi har abin ya wuce. Kulob ɗin da ya tara gololi har ana masa dariya, yau ba wanda zai dafa ƙirji ya ce maka an gama maganar lamba ɗaya.

Tsaron baya kuma, Levi Colwill ya tsinka jijiyar gwiwa a farkon Agustan 2025, ciwon da ke cinye kusan kaka guda. Maresca ya fito gaban 'yan jarida ya ce yana buƙatar mai tsaron baya na tsakiya, ya faɗa ƙarara ba kwana-kwana. Aka ce masa ya nemi mafita a cikin gida. An kawo Jorrel Hato daga Ajax, yaro ne mai kyau amma shekararsa 19 a lokacin, kuma tun kafin ciwon Colwill aka yi cinikinsa. Wesley Fofana kuwa kowa ya san jikinsa ba ya ɗaukar wasa a jere. Wato koci ya roƙi abu ɗaya tak an hana shi, amma an sami fam miliyan 40 an sayo Alejandro Garnacho daga United a kan Jamie Gittens da aka kawo daga Dortmund a bazara ɗaya, su biyun gefe ɗaya suke bugawa. Gefen hagun nan fa shi ne Sterling ya taka, Mudryk ya taka, Felix ya leƙa, Jadon Sancho ya zo aro aka biya United fam miliyan 5 don kawai a mayar musu da shi. Me ya sa ake ta sayen 'yan gefe? Saboda yaro ɗan shekara 20 mai gudu da yanka yana da kasuwa gobe. Mai tsaron baya ɗan shekara 29 da zai riƙe maka gida ba shi da ita. Kasuwa ce, ina ta faɗa muku.

Lamba tara ban ma san ta ina zan fara ba. Lukaku, Aubameyang, Havertz, Nkunku, Jackson, duk sun wuce. A 2024 aka ja maganar Victor Osimhen har daren rufe kasuwa, mu nan Najeriya ba wanda ya yi barci, aka kasa daidaitawa kan albashi, ya tafi Galatasaray ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Turkiyya a kakarsa ta farko. Joao Pedro dai ya fara da ƙafar dama, na yarda, ya ci biyu a ragar Fluminense ya ci ɗaya a wasan ƙarshe, wataƙila shi ne amsar, wataƙila kuma ɗan wasan bayan gaba ne aka tura gaba don ba yadda za a yi. Shi Jackson ban ce ba shi da laifi ba, jan kati biyu cikin 'yan makonni, ɗaya a Newcastle ɗaya da Flamengo, ga ɓarar da ƙwallo a gaban raga har ka riƙe kai. Amma mutum ne da ya ci 24 a Firimiya cikin kaka biyu. In takara ake so ai sai a ajiye shi da Delap da Joao Pedro a ce ku nuna mana. Ba a yi ba, saboda Bayern ta zo da kuɗin aro mai tsoka.

Abin haushin shi ne kulob ɗin nan ya san yadda ake yi, a gidansu aka yi. A 2004 Carlo Cudicini na cikin manyan gololin Ingila, Petr Cech ya zo yana ɗan shekara 22, Mourinho ya ba shi raga ya riƙe, ƙwallo 15 kacal aka zura musu a kakar gaba ɗaya. Bayan shekara goma Courtois ya zo ya yi wa Cech ɗin irin abin da ya yi wa Cudicini. Sai kuma namu, Victor Moses. Shekara uku ana yawo da shi aro, Liverpool, Stoke, West Ham, kowa ya ɗauka nasa ya ƙare a Chelsea. Antonio Conte ya zo a 2016, ya kalle shi a wasannin share fage da idonsa, ya ce wannan ba inda za shi. Da Arsenal ta ba su 3 da nema a watan Satumba Conte ya sauya tsari zuwa mutum uku a baya, ya ɗora Moses a gefen dama yana hawa yana sauka, suka ci wasa 13 a jere suka ɗauki kofi da maki 93. Da a Chelsea ta yau ce, Moses ba zai ga filin atisayen manya ba balle Conte ya gan shi, tun watan Yuni za a sa masa farashi a ce ya jira waya.

A Satumban 2025 ga gasar zakarun Turai ta dawo, wasa takwas ne a zagayen farko kaɗai, ba irin Conference League ta kakar 2024/25 ba ce da Maresca ke sauya mutum 11 ranar Alhamis har ya bar Palmer a gida bai ma yi masa rajista ba. A kakar 2025/26 Talata ko Laraba za ka haɗu da manya, Asabar ka dawo Firimiya, ga shi ba su huta ba saboda sun kai tsakiyar Yuli suna wasa a zafin Amurka. Wasansu na farko ma a Munich aka tsara shi, gidan Bayern, kuma dokar UEFA ba ta hana ɗan aro buga wa kulob ɗin da ya ba da shi ba. Ke nan a lokacin Jackson na iya fitowa a kansu, su kuma Delap na jinya, Colwill na jinya, mai jiran gurbin gaba a benci yaro ne ɗan shekara 19 da aka ɗauko daga Sunderland da gaggawa.