Lulluɓe Gangar Jikin Ƙaramin Jirgin Ruwa da Falanki

[Hoto: teburin aiki, ƙwarangwal ɗin jirgi a kife a tsakiya]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wannan abin da ke kan tebur, maƙwabcina da ya leƙo jiya cewa ya yi ƙayar kifi ce da aka cinye tsokar. Bai yi ƙarya ba, kama dai ta yi kama. Ƙwarangwal ne na jirgin ruwa mai filafilai, tsawonsa santimita 50, a ma'aunin 1 bisa 64. Wato duk milimita ɗaya a nan milimita 64 ce a jirgin gaske, ka ga ke nan jirgin mita 32 muke kwaikwaya. Yau za mu sa masa fata.

Na san wani zai ce, a Jos? Garin da ke kan tudu, mita 1,200 da wani abu sama da teku, ruwan da muke taƙama da shi bai wuce kududdufan da masu haƙar kuza suka bar mana irin na Rayfield ba? To ai wannan jirgin ba ruwa zai shiga ba, kan kanta zai zauna.

Mu a nan ƙasar abin da muka gada shi ne sassaƙa. A sami ƙaton gungume a rarake cikinsa, ya zama kwalekwale. Wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a Dufuna a 1987 yana haƙar rijiya, can jihar Yobe ta yanzu, ya haura mita 8, kuma shekarunsa sun kai wajen 8,000. Amma gungume yana da iyaka. In kana son abin da ya fi bishiya girma, dole ka haɗa falankai. Hanyar haɗawar iri biyu ce. Akwai wadda bakin falanki ke hawa kan na ƙasa da shi kamar jeren kwanon rufi, irin jirgin da aka tono a Oseberg ta ƙasar Norway a 1904. Akwai kuma wadda ake jera su baki da baki a kan haƙarƙari, jiki ya fito sumul. Haka aka gina Victory, jirgin yaƙin Ingila da aka saukar ruwa a 1765, wanda har yau yana nan a Portsmouth. Ta biyun za mu bi.

[Hoto na kusa: ƙashin baya da allunan haƙarƙari]

Wannan dogon allon na tsakiya shi ne ƙashin baya, filawud ne mai kaurin milimita 5. Waɗannan goma sha biyun da suka gitta shi su ne haƙarƙari, kowanne da tsagarsa da yake shiga. Ba zan daɗe a nan ba. Ka dai sa sikwaya ka tabbata kowanne ya tsaya cak kafin gam ya kama, sannan ka matse ƙashin bayan tsakanin sanduna biyu da ka kafe a kan miƙaƙƙen katako don kada ya karkace.

Inda zan daɗe shi ne nan. Dubi bakin wannan haƙarƙarin na gaba. Zarto ya yanke shi a miƙe, alhali falankin da zai kwanta a kansa a karkace zai zo, yana lanƙwasowa zuwa goshin jirgi. In ka bar shi haka, falankin kan tsini ɗaya kawai zai dafa, kamar mutum ya zauna a bakin benci da gefen ɗuwawu. Gam ba zai sami wurin kamawa ba, kuma jikin zai fito da gwiwa-gwiwa. Saboda haka sai an zaftare bakin. Na manna sanfefa a jikin sanda mai tsawon da zai haye haƙarƙari uku a lokaci guda, ina gogawa daga tsakiya zuwa goshi. Kafin in fara, na bi gefen da ya fi faɗi na kowane allo da baƙin fensir, gefen baya ke nan a allunan gaba, gefen gaba kuma a allunan baya. Wannan layin fensir ɗin shi ne ainihin siffar jirgin. Ka ci katako har ka iso shi, amma kada ka cinye shi.

Ga gwajin. Ɗauki siririn falanki ɗaya ka kwantar a jiki, ka danne da yatsu, ka sunkuya ka hango shi daga goshi da ido ɗaya. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Inda ka ga haske a ƙarƙashi, allon ya yi ƙasa, sai a manna masa ɗan ɓalli a cike. Inda falankin ya yi tozo, a ƙara gogewa. Ka gwada a sama, ka gwada a tsakiya, ka gwada a ƙasa. Ni kwana uku na yi a kan wannan kaɗai, kuma a ganina duk wanda jirginsa ya fito da kumburi, ba wajen manna falanki ya yi kuskure ba, tun nan ya yi shi.

Abu biyu kafin mu bar ƙwarangwal. Tsakanin haƙarƙarin farko da goshi na cusa guntun katako mai laushi na sassaƙe shi daidai da jiki, don kan falanki ya sami wurin kwanciya. Sannan na bi gefen ƙashin baya na fafe 'yar kwata da reza, wadda bakin falanki zai nutse a ciki.

[Hoto: damin siraran falankai, fari da ja]

Katako. Farin nan obece ne, daga kasuwar Katako na sayo, na sa aka tsaga mini a inji, na ƙarasa da hannu zuwa faɗin milimita 5, kauri ɗaya da rabi. Yana da laushi, ba shi da nauyi, yana karɓar gam. Abin dariyar shi ne masu wannan sha'awar a Turai a shaguna suke sayensa cikin 'yan ƙananan dami, mu kuwa a nan rufin ɗaki da akwati ake yi da shi. Jan kuma safele ne, wanda ya ci sunan garin Sapele na jihar Delta, kaurinsa rabin milimita. Shi ne riga ta biyu, obece kuma ta farko. Ta farko ƙarfi da siffa take bayarwa, ta biyu ita ake kallo.

Yaron da ke riƙe da kyamarar nan ɗan ƙanwata ne, ɗazu yake tambayata: "Kawu, ba sai a yi ta jera su daga sama zuwa ƙasa ba kawai?" Haka kowa yake zato, ni ma haka na yi a jirgina na farko. Falanki biyar na farko suka tafi lafiya, na shida ya fara ɗaga baki, na takwas ya miƙe ya nufi sama a wajen goshi, ƙasa kuma ga wawakeken rami mai siffar ɗan wake. Dalili kuwa a fili yake. Jirgi ciki gare shi. Ya buɗe a tsakiya, ya tsuke a goshi. Falankai masu faɗi ɗaya daga kai har gindi ba za su taɓa rufe abu mai wannan siffa ba.

[Hoto na kusa: siririyar takarda a naɗe a bakin haƙarƙari]

Ga yadda ake yi. Yanki siririyar takarda ka bi bakin haƙarƙarin tsakiya da ita, daga layin dandamali, wato daɓen saman jirgi, har kwatar ƙashin baya, ka sa alama. Nawa ya ba ni milimita 90. Raba da 5, falanki 18 ke nan a kowane ɓari. To waɗannan 18 ɗin su ne za su ratsa kowane haƙarƙari. Je ka na uku daga goshi ka auna: 54. Raba da 18, milimita 3. Wato falankin da yake 5 a tsakiya dole ya sirance zuwa 3 in ya iso nan. Kowane allo da takardarsa, ka rubuta lambarsa a jiki, ka rarraba ta gida 18, ka mayar da ɗigon a bakin allon. In ka gama za ka ga hanyar kowane falanki a zane tun ba ka manna ko ɗaya ba.

Ni nakan ƙara da raba jikin gida uku da baƙin zare, falanki shida-shida. Ina kammala gida ɗaya sai in sake awo, saboda kuskuren rabin milimita sau shida ya zama uku, gara a kama shi da wuri.

Yanzu dubi allon farko, wanda ke dab da goshi: 36. Raba da 18, milimita 2. Ya yi siriri da yawa. Ƙa'idar magina ita ce kada falanki ya sirance ƙasa da rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini kamar allura, domin a jirgin gaske babu inda za a buga ƙusa a tsini, ruwa kuma ta nan yake fara ci. Maganin shi ne a tsayar da wani falanki kafin ya kai goshi, a datse kansa a kan haƙarƙari, maƙwabcinsa ya buɗe ya cinye wurin su biyun. A baya kuma akasin haka ne. Can ƙasa wajen da matuƙi yake, wato allon da ke juya akalar jirgi, awon ya ba ni 108, ya fi ƙarfin falanki 18, sai an soka gajeren falanki na ƙari a tsakani. Shi ma ba da tsini zai fara ba, a fafe masa gurbi a jikin na kusa da shi.

Wajen sirantawa, gefe ɗaya kawai nake yanka, na sama. Rula ta ƙarfe, sabuwar reza, ja uku ko huɗu a hankali, ba sara ɗaya ba. Kuma biyu-biyu nake haɗawa in goge tare, na dama da na hagu, su fito tagwaye. Sannan in ɗan zaftare bakin ta ciki, don in sun haɗu a kan lanƙwasa fuskar waje ta rufe ruf.

[Hoto: falanki a cikin kwalbar ruwan zafi, dutsen guga a gefe]

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu busasshe muke so, sai mu yi masa dabara. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a ruwan zafi, sannan a ɗora a kan gwangwani a bi shi da dutsen guga. Zafin ne yake sassauta shi, ruwan kai zafin ciki yake yi. In an ɗauke wuta, na gawayi ma yana yi, har ya fi riƙe zafi, sai dai a sa takarda a tsakani saboda toka. Ka kafe shi a jikin jirgi da allurai da abin maƙale shanya, ba gam, ka tafi harkarka.

A nan na taɓa ƙonewa. Wata shekara cikin Agusta, ana tafka ruwan Jos ɗin nan da ba ya ɗaukewa, na yi ta manna falankai da danshinsu don ina sauri. Katakon ma wanda ya sayar mini ya rantse ya bushe, ashe da sauransa. Jiki ya fito kamar ƙwai, har ina kiran mutane su zo su gani. Da hunturu ya sauko a Disamba, wata safiya na ɗaga shi wajen taga, sai ga haske yana ratsowa ta kowane layi kamar asabari. Katako ta faɗinsa yake tsukewa in ya bushe, ba ta tsawo ba. Tun daga ranar falanki sai ya kwana a kafe ya bushe ƙayau kafin ya ga gam, sabon katako kuma sai ya yi makonni a ɗakin da zan yi aikin.

Gam fari na kafintoci nake amfani da shi, a kan haƙarƙari da kuma duk tsawon bakin falanki, da tsinken sakace nake shafawa. Sufagulu sai a kan goshi kawai, ɗigo ɗaya, inda falanki ke da taurin kai. Shi ɗin in ya taɓa fuskar safele tabo yake bari, man goge ba ya shiga wurin.

Falanki na farko da ake mannawa shi ne na layin dandamali, sai wanda ke kwance jikin ƙashin baya. Wannan na ƙasan murɗewa yake yi, a kwance a tsakiya, a tsaye a ƙarshe, kuma kada ka bari kansa ya hau goshi sosai, in ya hau duk na bayansa za su rasa wuri. Daga nan ɗaya dama, ɗaya hagu. Kada ka gama ɓari guda ka ce gobe ka dawo ɗayan. Gam yana ja in yana bushewa, za ka wayi gari jirginka ya zama ayaba.

[Hoto: gurbin falanki ɗaya da ya rage a ciki]

Ga na ƙarshe. Wannan ba a auna shi da rula. Manna tef na takarda a kan gurbin, ka goga gefen fensir, bakunan biyu za su fito. Ɓare shi ka manna a kan falanki mai ɗan faɗi, ka yanka a wajen layi, sannan sanfefa kaɗan, gwaji, sanfefa kaɗan, gwaji. Saurara... kun ji wannan 'yar ƙarar? Ya zauna.

Sai a cire allurai a goge jiki, sanfefa mai lamba 80 tukuna, sannan 120, sannan 240, kullum da sanda a bayanta, ba da tafin hannu ba. Inda ya lotsa, kwaɓa garin katakon da gam ka cike. Rufe ido ka shafa, yatsa yana ganin abin da ido ya tsallake.

Riga ta biyu awonta iri ɗaya ne, sai dai a nan nake yanka safele guntu-guntu, santimita 12 kowanne, wajen mita bakwai da rabi ke nan a jirgin gaske, kuma ba na bari mahaɗa biyu su faɗo a haƙarƙari ɗaya sai da falanki uku a tsakaninsu. Wannan zai ci mini mako biyu, a bidiyo na gaba za ku gan shi tare da dandamali. Kai, matso da kyamarar nan wajen goshi su ga inda na tsayar da na bakwai.